Tawadar Allah: A Wanke Ko A Bari?

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wata tambaya wadda da jin ta mutum zai ce ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba, watau: shin ya dace mutum ya cire tawadar Allah daga fuskarsa, ko kuwa wajibinsa ne ya bar ta yadda ya tashi ya gan ta? Ni ma da can haka na raina tambayar, har sai da ta yi sallama ta shigo gidanmu a dogon hutun da ya wuce, ta hana mu cin tuwo cikin kwanciyar hankali har mako uku cur.

Ga yadda abin ya faru. Ina da yaya mace wadda nake bi, tana da tawadar Allah a gefen hancinta na hagu, girmanta kamar ƙwayar dawa, ta ɗan yi tudu, da 'yan gashi biyu a kanta waɗanda takan datse da almakashi. Shekararta ashirin da biyar tana yawo da ita, ban taɓa jin ta ce uffan a kanta ba. Da aka sa ranar aurenta, sai ita da angon suka je aka ɗauke su hoto irin wanda ake yi yanzu kafin biki don a buga a jikin kalanda da jakunkunan rabo. Bayan kwana uku mai hoto ya aiko da hotunan ta waya. Muka taru a tsakar gida muna kallo, kowa na cewa tubarkalla, amma ni dai na ga kamar da abin da ya ragu, na kasa gane ko mene ne. Ƙanwarmu 'yar shekara tara ita ce ta ce, "Yaya, ina abin hancinki?" Ashe mai hoto ya shafe tawadar ne tun a kwamfutarsa, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya tambaya. A wurinsa ai taimako ya yi, kamar wanda ya ga ƙura a rigarka ya kakkaɓe maka.

Yayata ta yi dariya tare da mu a lokacin. Amma da dare na wuce ta ƙofar ɗakinta na gan ta da madubi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, tana duban wannan ta dubi wancan. Washegari ta ce ita sai an cire mata kafin biki, har wata ƙawarta ta ba ta lambar wata mai sayar da man shafawa da aka ce cikin kwana biyar yake ɗauke ta. Nan fa gida ya rabu. Innarmu ta ce wannan canza halittar Ubangiji ne, ita kam ba da yawunta ba. Ƙanwar babanmu ta ce fuskarta ce, a bar yarinya ta yi abin da zai sa ta fita kunyar taro. Kakarmu kuwa, wadda take kiran Yaya kishiya, cewa ta yi, "Ke kishiya, ranar hawan Sallar da kika ɓata kina 'yar shekara huɗu, da me kike tsammani aka yi cigiyarki? Ai da wannan ɗigon ne." Ni kuma, da yake an san ina jami'a, sai aka juyo gare ni. Na gyara murya na goyi bayan Inna, ba don na yi wani bincike ba, sai don na ga shi ne matsayin da ya fi kama da na malamai. Yaya ta dube ni ta ce, "Kai ne za ka faɗa mini haka?" Ban gane nufinta ba sai daga baya, kuma zan dawo kan wannan.

Bari mu fara da sunan, tun da nazarin harshe ne ya tara mu. Hujjar Inna kusan dukkanta a cikin sunan take: tun da tawadar Allah ce, wane ne kai da za ka goge? Amma mai karatu ya lura da wani abu. Hanci na Allah ne, ido na Allah ne, duk da haka ba mu cewa hancin Allah ko idon Allah in muna nufin na mutum. To me ya sa sai wannan ɗigo muka jingina wa sunansa? A ganina Bahaushe yakan yi wannan jinginawa ne a inda yake son ya rarrabe abin da hannun mutum ya taɓa da wanda bai taɓa ba. Ruwan Allah shi ne wanda ba a ɗebo daga rijiya ba. Filin Allah shi ne wanda ba a yi wa shinge ba. Fuskar Bahaushe kuwa a da allo ce da hannaye da yawa suke rubutu a kanta: wanzami ya yi tsagar gado ranar suna, ya yi bille ko kalangu ko 'yar baka, 'yan mata su ɗiga katambiri a kumatu da goshi ranar kasuwa, a rangaɗa kwalli. A tsakiyar wannan rubuce-rubuce dole a sami sunan da zai ce wannan ɗigon ba na aska ba ne, ba na tsinke ba ne, da shi aka zo. Ashe ke nan sunan yana gaya mana asalin abin ne kurum. Mu ne muka mai da shi hukunci daga baya. In da jingina abu ga Allah yana hana taɓa shi, da ba a nome filin Allah ba.

Su kuwa likitoci, abin da suka ce game da ita ba shi da tsawo. A cikin fatar kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke yin sinadarin launi mai suna melanin, wanda yawansa ne ya sa muke baƙaƙe. Galibi a warwatse suke, amma wani lokaci sai su taru wuri guda su yi curi, to curin nan shi ne tawadar Allah. Kaɗan ne ake haihuwar mutum da su, mafi yawa a ƙuruciya da lokacin balaga suke fitowa, kuma yawancin manya suna da tsakanin 10 zuwa 40 a jikinsu ko sun sani ko ba su sani ba. Gado yana da hannu, rana ma tana da hannu. Akwai kuma 'yan ƙananan baƙaƙen tsiro da ke feso wa mutanenmu a kumatu da gefen ido in shekaru suka fara ja, irin waɗanda ke fuskar ɗan wasan Amurka Morgan Freeman. Su ma mukan haɗa su cikin sunan, alhali kuwa wani abu ne daban, kuma ba su da lahani. Iyakar abin ke nan: tarin launi a wuri ɗaya. Sauran duk abin da aka ɗora mata, mutane ne suka ɗora.

Kuma lalle sun ɗora mata kaya. Mawaƙan Larabawa da na Farisa sun daɗe suna yabon wannan ɗigo a kumatun masoyiya, suna ce masa khal. A Faransa, a ƙarni na 17 da na 18, matan fada da ba su da shi sai su yanko ɗan ƙyallen siliki baƙi su manna a fuska, suna kiransa da kalmar da ke nufin ƙuda a harshensu. Wasu don ado, wasu don su rufe zanzanar agana. Yayin ya haura Ingila, har a 1711 wani marubuci, Joseph Addison, ya yi wa matan Landan ba'a cewa daga gefen da mace ta manna nata ake gane jam'iyyar da take so. Amma a wannan Ingilar dai, shekaru sittin da 'yan kai kafin haka, wajen 1645 zuwa 1647, wani mai suna Matthew Hopkins ya yi ta yawo gari gari yana farautar mayu, ana tuɓe mata ana laluben jikinsu, in aka ga wani baƙon tabo ko tsiro sai a ce alamar Shaiɗan ce, aka rataye da yawa. A ƙasar Sin da Koriya akwai tsohon ilmin duba da fuska, wanda ya ce tawadar da ke ƙarƙashin ido ta hawaye ce, mai ita zai sha kuka. A Koriya ta Kudu cire irin waɗannan da hasken leza ya zama ruwan dare a asibitocin fata. Duk da haka babban hoton Mao da ke rataye a dandalin Tiyananmin yana nan da tasa a haɓa, ba mai zanen da ya yi gigin barinta. Cindy Crawford, wadda ta yi suna a tallar tufafi a Amurka a shekarun 1980 da 1990, an ba ta shawara tun farko ta cire tata da ke saman leɓe, har wata mujalla ta taɓa shafe ta a hoto. Ta ƙi, daga baya ɗigon ya zama tambarinta. Mawaƙin nan Enrique Iglesias kuwa ya cire tasa daga kumatu a 2003.

Na kawo waɗannan ne don a ga cewa ɗigo ɗaya ya zama ado, ya zama shaidar maita, ya zama tutar siyasa, ya zama alamar baƙin ciki, shi kuwa bai motsa daga inda yake ba. Idon mai kallo ne yake ta sauyawa. Kakanninmu mata sun ɓata yatsunsu da katambiri don su ƙirƙiri abin da yayata take neman kuɗin da za ta kawar.

To ina maganar addini, wadda na fake da ita ba tare da na duba ba? Da na koma na tambayi waɗanda suka sani, sai na tarar maganar ta fi yadda na faɗe ta faɗi. Gaskiya ne aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya sha alwashin zai sa mutane su yi. Gaskiya ne kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud tsinuwa a kan masu jarfa da masu tsige gira da masu goge haƙora don su yi wushirya saboda ƙawa. Amma Abu Dawuda da Tirmizi su ma sun kawo labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya sa na zinariya. Daga irin wannan ne malamai suka rarrabe tsakanin gusar da aibi da neman ƙarin kyau. A 2007 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yi zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya, ta yanke cewa ya halatta a gyara aibin da aka haifi mutum da shi, kamar tsagaggen leɓe da yatsa na shida da tabon haihuwa, in barinsa yana cutar da shi a jiki ko a rai cutarwa ta sosai. Ta kuma hana a sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayon wasu.

Mai karatu ya ga inda hukuncin ya ajiye mu. Ya dawo da nauyin ne kan tambayar da ba malamin da zai iya amsa wa wani: shin wannan ɗigon aibi ne a gare ki, ko kuwa halitta ce lafiyayya? Yana cutar da ke a rai, ko kuwa kin ga hoton wata ne kin yi sha'awa? Ba ma'aunin da za a aza a kumatu ya faɗi wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne zan koma kan maganar da Yaya ta yi mini. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas, ni ne na laƙaba mata "mai ƙuda a hanci". Na yi ta rera shi a ƙofar gida har yaran unguwa suka ɗauka, suka bi ta da shi makarantar allo da ta boko, sai da Baba ya zane ni sa'an nan na bari. Ni na manta sarai. Ita ba ta manta ba. Da na je ba ta haƙuri ta gaya mini cewa tun daga lokacin, in za a ɗauke ta hoto, takan ɗan karkata kai dama ta zama ita ce gaba. Na koma na duba tsofaffin hotunan gidanmu na tarar haka ne, ko ɗaya ba ta kalli kyamara sosai ba. Shekara goma sha huɗu tana karkata kai saboda waƙar da na yi, sa'an nan na dawo daga jami'a ina yi mata wa'azin ta yi haƙuri da halittar Allah. Wanzami ba ya son jarfa. A laccar da Kirk-Greene ya buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda duk ɗan wannan sashe ya sha jin labarinta, ya lissafa haƙuri cikin halayen da muke girmamawa, kuma kyan fuska ba ya cikin lissafin. Na yarda da wannan. Amma haƙurin da ake yabo shi ne wanda mutum ya ɗora wa kansa. Wanda mai santsin fuska yake ɗora wa mai tabo, bayan shi ne ya nuna tabon da yatsa, ban san sunan da zan ba shi ba, amma dai ba kirki ba ne. Saboda haka duk wanda zai ce kada a cire, ya fara tambayar kansa ko yana cikin waɗanda suka sa ake son cirewar.

Kada kuma a ɗauka na koma ɓangaren gwaggonmu gaba ɗaya. Ita ta ce fuskarta ce, ta yi yadda take so. Rabin farko gaskiya ne, kuma har dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga, domin ba a nemi yardarsa ba a kan abin da zai ɗauka har kabari. Amma rabi na biyu, watau "yadda take so", shi ne nake wa tababa. Yaushe ta fara so? Ran Talata ba ta so, ran Juma'a da hoto ya iso ta so. Waƙar da na yi ta sa ta karkata kai, amma ba ta taɓa sa ta neman wuƙa ba, domin ba ta taɓa ganin kanta ba tare da ɗigon ba. Mai hoto ne ya fara nuna mata wata mace da babu ita a duniya, ya ce ga ki nan. Yanzu kuwa kowace waya tana da irin wannan gyara a cikinta, ta share ƙuraje, ta haska fata, ta rage hanci, tun kafin mai ita ya ce a yi. Dā madubi yakan nuna maka abin da kake da shi ne ka ji daɗi ko ka ji haushi. Wannan sabon madubin abin da ba ka da shi yake nuna maka, sa'an nan a ƙasansa ga lambar mai sayar da magani. In an shuka maka so da daddare ka tashi da safe ka ce naka ne, to naka ne, amma ya kamata ka san wanda ya shuka.

Sa'an nan akwai maganar Kaka, wadda na ɗauka wasan jika ne, daga baya na ga ta fi tamu nauyi. Fuska ita ce gaɓa ɗaya da mai ita ba ya gani sai da aro, ko na madubi ko na ruwa. Hannuna ina ganinsa, ƙafata ina ganinta, amma fuskata ku ne kuke da ita yini guda, ni sai na minti biyu da safe. Da ita uwa take tsamo ɗanta daga cikin yara ɗari, da ita ake cigiya a rediyo, da ita ake shaida gawa. Ba na cewa wannan ya ba dangi ikon hana mutum taɓa fuskarsa. Abin da nake cewa shi ne abin da kake gani aibi, wataƙila a wurin wanda yake son ka shi ne ƙofar da yake shiga ya same ka. Angon ma da aka tambaye shi, cewa ya yi shi a ranar da ya fara ganin ta bai riƙe sunanta ba, abin da ya gaya wa abokinsa shi ne mai ɗigon nan a hanci.

Duk wannan gardama, in aka bi ta, ana iya kwana ana yi. Amma akwai wuri ɗaya da ban ga gardama ba, kuma sunan ne ya sake kai ni can. Kowa a cikinmu ya riƙe allo. An dama zuge da ƙaro an rubuta maka, ba ka da ikon wankewa ranar da ka ga dama; sai ka kai gaban malam ka biya ya ji ya zauna, sa'an nan ya ce je ka wanke. Wanke allo ba laifi ba ne, kullum ana yi. Laifin shi ne a wanke ba a karanta ba. To ita ma wannan tawadar wani lokaci saƙo take ɗauke da shi. Mafi yawansu har mutum ya mutu ba abin da za su yi masa, amma akwai wata muguwar sankarar fata mai suna melanoma wadda da farko kamar tawadar Allah take fitowa. A 1985 wasu likitocin fata na Jami'ar Niyok suka tsara alamomin da za a riƙa lura da su, aka ƙara ɗaya a 2004: in rabinta bai yi kama da ɗaya rabin ba, in bakinta ya yi gatso-gatso, in launinta ya gauraya, in faɗinta ya wuce milimita 6, watau kamar magogin gindin fensir, ko kuwa in tana sauyawa, tana girma ko ƙaiƙayi ko zubar da jini. Likita in ya yanke irin wannan ba ya yarwa, ɗakin gwaji yake aikawa a duba ta da madubin likita. Wanda ya ƙone ta da man kasuwa ko ruwan batir ko soda ya share saman ne kurum, in akwai cuta saiwarta tana nan tana tafiya, kuma ya hallaka shaidar da za a gane ta da ita. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa babu wani maganin shafawa na cire tawada da ta amince a sayar, ta kuma ce an sami waɗanda irin waɗannan suka ƙone, suka bar musu tabo.

Wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne. Lalle ya fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, amma bai bar mu ba, sai dai mu ya fi kama mu a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda ba mai dubawa. Bob Marley na Jamaika a 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara zaton raunin ƙwallo ne. Da aka gane ko mene ne aka ba shi shawarar a yanke yatsan, bai yarda ba, an ce saboda aƙidarsa. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Na kawo shi ne saboda Inna da ire-irenta, da ni kaina na wancan mako: akwai lokacin da barin tawada ba tsoron Allah ba ne, sakaci ne da amanar jiki.

Daga ƙarshe Baba ne ya raba gardamar ta hanyar da ba wanda ya yi tsammani. Ya ce ba ya hana, ba ya kuma umurni, amma man kasuwa ba zai shiga gidansa ba. In za a yi, a je wurin likitan fata. Ni aka sa na raka ta, wataƙila don in biya bashi. Likitar, wata dattijuwa, ta haska ɗigon da wata 'yar fitila mai gilashi, ta tambayi tun yaushe yake, ko ya taɓa sauyawa. Ta ce lafiyayye ne, gashin da ke kansa ma ba abin tsoro ba ne. Ta ce cirewa ba wuya, allurar kashe zafi ce da 'yan mintoci, ko a shafce shi daidai da fata ko a yanke a ɗinke, amma ko ta wace hanya sai ya bar tabo, kuma wanda aka shafce yana iya dawowa. Sa'an nan ta ce Yaya ta ɗaga ɗankwali ta ga kunnenta. A bayan kunnen dama, inda aka yi mata huji na biyu tana sakandare, akwai wani ɗan tudun nama mai tauri. Likitar ta ce irin wannan tabo mai tasowa, wanda suke kira kiloid, ya fi samun baƙar fata, kuma wanda ya taɓa yin sa a wuri ɗaya yana iya yin sa a wani. Ba ta ce lalle zai fito a hanci ba, amma ba za ta yi alkawarin ba zai fito ba. Ta yi murmushi ta ce, "'Yata, saura mako biyar biki, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je ki yi aurenki. In bayan wata shida har yanzu kina so, ki dawo, ni da hannuna zan yi miki, ba kuma zan tambaye ki dalili ba." Kafin mu fita sai da ta sa mu duka biyu muka tuɓe takalma ta duba tafin ƙafarmu.

A hanyar komawa Yaya ba ta yi magana ba sai da muka kusa gida. Ta ce, "Ba fa na fasa ba ne." Na ce, "Na sani, Yaya." Kuma har yau da nake wannan rubutu ba ta ce ta fasa ba, wata shidan ma ba su cika ba, in ta koma, ni zan sake raka ta. Abin da ta yi dai a daren nan shi ne ta kira mai hoto ta ce ya mayar mata da abinta kafin a kai wa masu buga kalanda. Ya ce ai ya riga ya share na asalin don wuri ya cika masa, amma kada ta damu, zai ɗiga mata wani. Ya kuwa ɗiga. Ranar kamu aka kawo kalanda ɗari biyu, aka miƙa wa Kaka ɗaya, ta kai ta dab da idonta ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta miƙo ta ce a mayar wa masu ita, wannan ba kishiyarta ba ce, ita tata a hagu take.